Haƙƙin Na Ƙasan Gulbi A Kan Na Samansa

Zuwa ga malamai da almajirai na ƙasar Gobir, na Sabon Birni da na Isa da na ƙauyukan bakin gulbi, da duk wanda wagga takarda ta isa hannunsa. Ku yi mini haƙuri, domin maganar da zan yi a wanga karo ba a saba yinta a zauren karatu ba, kuma wanda ke cin abinci shi ajiye takardar sai ya gama. Maganar ruwan ƙazanta ce, wanda ke fita daga gidajenmu da masallatanmu da makarantunmu da mahautarmu, da inda shi ke zuwa bayan ya ɓace wa idanunmu.

Abin da ya tayar da ita ga shi. Wata rana a ƙarshen rani na fita bayan asuba zuwa bakin gulbi, a wani gari daga garuruwanmu, sai na tarar da mutum biyu da amalanke, sun ɗoro duro biyu, suna tuntsurar da su cikin wani kwari mai gangarawa gulbi. Tun daga nesa hanci ya gaya mini masai sunka yasa cikin dare. Ƙasa da su kaɗan, abin da bai kai jifa uku ba, ga mata sun tona yashi suna kwarfar ruwa a ƙwarya, ga wani yaro shina cika buta. Na yi wa babban cikinsu sallama, dattijo ne mai furfura, na ce masa, "Baba, ba ka ga mutane na ɗibar ruwa can ba?" Ya dube ni ba fushi, ya ce, "Malam, na gani. Nuna mini inda zan kai shi, gobe can za ka same ni." Na tsaya ban sami abin faɗi ba. Sa'an nan na tuna bara waccan an yashe masai na gidana, na biya lada, na yi godiya, kuma ban tambayi inda anka kai abin ba. Mai yiwuwa a kwarin nan anka zuba shi.

To, ku sani gulbin nan ba namu ba ne mu kaɗai. Gagare ya taso daga ƙasar Zamfara ya biyo ta Ƙauran Namoda, Bunsuru ya taso daga ƙasar Katsina, sunka gamu a wanga yanki namu sunka zama Rima. Gulbin Maraɗi kuwa asalinsa ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya wuce Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya komo Nijeriya ya faɗa Rima. Daga nan ruwan ya wuce kufan Alƙalawa, birnin Gobirawa da ya faɗi a 1808, ya shiga madatsar Goronyo, wadda anka gama ginawa a 1984, mai ɗaukar ruwa sama da mita cikon miliyan 900. Abin da anka sako daga Goronyo shi ke bi ta Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ke, shi isa Sakkwato inda hukumar ruwa ke ɗibarsa ta tace ta tura a famfo, shi wuce Argungu da Birnin Kebbi, har shi faɗa Kwara. Kowane gari a wanga jeri shina shan saura daga na samansa, shina kuma barin saura ga na ƙasansa. Mu da ke ƙorafin abin da Maraɗi da Ƙauran Namoda ke sako mana, mu ne na sama ga Goronyo da Wurno.

Kuma yawanmu ba na dā ba ne. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Sabon Birni mutum 207,599, ta ba Isa 146,103, kuma an yi shekaru masu yawa ana haihuwa bayanta. Sa'an nan fitinar 'yan bindiga ta kori mutanen ƙauyuka, waɗansu sunka ƙetara zuwa ƙasar Maraɗi tun 2019, waɗansu sunka taru cikin manyan garuruwa, gidan da anka gina wa mutum goma ya koma ɗaukar talatin, masai ɗaya. Lokacin kakanninmu daji shina da faɗi, rana da ƙasa suna cinye abin da mutum ya bari. Yau an cika wurin, kuma babu gari ko ɗaya a wanga yanki mai bututun ƙarƙashin ƙasa da ke kwashe ƙazanta zuwa wurin tacewa. Abin da muke da shi masai ne, da kwata, da kududdufi, da gulbi.

In wani daga cikin malamai ya ce, ai hukuncin ruwa sananne ne a mazhabarmu, ko yaron da ke karatun Ahalari da Ishmawi ya san shi, cewa ruwa shina nan kan tsarkinsa muddin najasa ba ta sāke launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ba, kuma gulbi ruwa ne mai yawa mai gudu, sai mu ce masa, gaskiya ka faɗa, ba mu zo jayayya da hukuncin ba. Amma hukuncin nan amsar tambaya ɗaya ce, ita ce ko alwala ta inganta da ruwan. Tambayar da ke gabanmu daban ce, ita ce ko ya halatta in zuba wa maƙwabcina abin da zai kwantar da ɗansa. Wagga tambaya babinta babin cutarwa ne, kuma ba ku buƙatar ni in tuna muku hanin da ya zo a kan biyan bukata a mashaya da hanya da inuwa. Ruwa ya kan yi garau kamar idon zakara, ba wari ba ɗaci, alhali cikin cokali ɗaya akwai ƙwayoyin cuta da ba su ƙirguwa, waɗanda sai da madubin likita a ke ganinsu. Launi da ɗanɗano da ƙanshi ma'auni ne na ido da harshe da hanci, ƙwayar kwalara kuwa ta fi ƙarfin ukun. Sa'an nan batun yawa da gudu, ku je ku duba gulbin a watan Afrilu. Yashi ne da 'yan tafkuna a tsaye, kuma a lokacin ne mutane sunka fi dogara gare shi.

An daɗe da gane wanga al'amari da ƙidaya. A birnin Landan na Ingila, a 1854, kwalara ta faɗa, kuma a kudancin birnin kamfani biyu ke sayar wa mutane ruwan kogi ɗaya, kogin Tems. Ɗaya shina ɗiba daga tsakiyar birni inda kwatoci ke zuba, ɗayan ya riga ya mai da wurin ɗibarsa can sama, gaba da ƙazantar. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida shina tambaya, ya sami mutuwa 315 cikin kowane gida 10,000 masu shan ruwan na farko, da mutuwa 37 cikin kowane gida 10,000 masu shan na biyu. Unguwa ɗaya, iska ɗaya, talauci ɗaya, bambancin kawai inda anka tsoma guga. A lokacin ba a ma tabbatar da ƙwayar ba, sai bayan shekara talatin Robert Koch ya tabbatar da ita.

Mu kuwa ba mu buƙatar zuwa Ingila neman shaida. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 111,000 a Nijeriya bisa ƙidayar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, ta kashe sama da 3,600, kuma jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suna cikin waɗanda ta fi yi wa ɓarna. A shekarar dai ta faɗa Nijar, ta fi tsanani a jihar Maraɗi. Ku dubi sunayen nan, za ku ga ƙasashen da gulabenmu ke ratsawa ne. Amai da gudawa ba ta tsaya a kan iyaka ta nuna takarda ba. Taifot ma hanyarta ke nan, da shan inna. Shi ya sa ma'aikatan lafiya, tun 2011 a Kano da 2012 a Sakkwato, sunka shiga ɗibar ruwan manyan kwatoci a kwalba suna kai wa ɗakin bincike, domin sun san in ƙwayar shan inna tana cikin gari, a kwata za ta bayyana tun kafin a ga yaron da ta lanƙwasa.

Akwai kuma cutar da ta fi shafar ku almajirai, ita ce tsargiya, fitsarin jini. Na zauna da malamai da yawa masu ɗaukarta alamar balaga ga yaro, ko zafin rana, ko shan rake. Ba ko ɗaya ba ce. Tsutsa ce mai zama a jijiyoyin mafitsara, ƙwanta na fita cikin fitsari. In fitsarin ya shiga ruwa sai ƙwan shi ƙyanƙyashe, abin da ya fito shi shiga jikin wata ƙaramar katantanwa ta ruwa, shi hayayyafa a can, sa'an nan shi fito shina iyo, shi huda fatar wanda ya shiga wanka ko wanki ko su. Ba sai an sha ba. Magani shina nan kuma shina aiki, amma yaron da anka ba magani yau, in ya koma tafkin da ake fitsari cikinsa, cutar za ta komo masa. Kurkunu ma haka ta riƙe kakanninmu, ana cewa ba ta da makari, sai da anka gane hanyarta ta ruwan sha ce, anka tare ta da tacewa da rijiyoyi, har anka shaida wa Nijeriya rabuwa da ita a 2013. Tsofaffinku da ke da tabo a ƙafa za su ba ku labari.

To mene ne abin yi? Na san abin da zai fara zuwa zukatan waɗansu, shi ne a roƙi gwamnati ta kawo babban inji irin na Wupa da ke tace ruwan Abuja. Ni ban ga wanga ra'ayi ba. Inji irin wannan shina hura iska cikin ruwa dare da rana da ƙarfin lantarki, shina son injiniya a kusa da kayan gyara daga waje, kuma ran da wuta ta ɗauke ta daɗe, ƙazanta za ta bi ta cikinsa ta fita kamar yadda ta shiga. Kowa ya san halin wuta a garuruwanmu. Abin da ya dace da mu shi ne abin da ke aiki da rana, gama rana ita ce dukiyar da ba mu taɓa rasawa ba.

Sifarsa tafkuna ne uku a jere, waɗanda anka haƙa da awo a bayan gari, ruwa na bi daga wannan zuwa wancan da gangara, ba famfo ba inji. Na farko shi ne mai zurfi, mita 3 ko 4. Cikinsa abu mai nauyi ke kwantawa a ƙasa, waɗansu ƙananan halittu da ba su son iska su ci shi su narkar da shi, kamar yadda masai ke cin abin da ke cikinsa. A ƙasa mai zafi kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki sun isa wanga tafki shi rage sama da rabin ƙarfin ƙazantar. Na biyu shina da faɗi ba zurfi, kamar mita 1 da rabi, kuma a nan abin mamakin ya ke. Ruwan shi kan koma kore shar saboda gansakuka ƙanana, su kuwa in rana ta buge su sai su fitar da iskar da rayuka ke shaƙa, ƙananan halittun da ke cin ƙazanta su shaƙi iskar nan su ci gaba da aikinsu, abin da sunka fitar kuma shi zama abincin gansakukar. Wannan na ciyar da wancan, mu ba mu biya kowa ba. Na uku, wanda sau da yawa a kan yi shi biyu ko uku a jere, zurfinsa kamar mita 1, aikinsa kashe ƙwayoyin cuta. Hasken rana shina ratsa ruwan har ƙasa, zafi da daɗewa su gama da su, ƙwan macijin ciki kuwa da na sauran tsutsotsi ya riga ya nutse tun baya saboda nauyinsa. Daga shiga zuwa fita ruwa shi kan yi mako uku ko huɗu. Abin da ya fito ba na sha ba ne, kada wani ya ce na faɗi haka, amma ya isa a shayar da gona ko a sake shi gulbi ba tare da an zalunci na ƙasa ba. Tun 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni ga ruwan da za a yi ban-ruwa da shi, cewa kada ƙwan tsutsa shi wuce ɗaya cikin lita, kuma tafkunan da anka yi da kyau suna cika wanga ma'auni.

Wannan ba mafarki ba ne da na yi a kan buzu. A Wagadugu ta ƙasar Burkina Faso, ƙasa mai rana da fari irin tamu, an buɗe jerin tafkuna irin waɗanga a unguwar Kosodo a 2004, masu lambu na noma da ruwan da ke fita. A Samaru ta Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe da nata. Wanda kuma ke son ganin abin da ke faruwa in an bar gari ya girma ba a yi ba, shi je Kano shi tsaya a bakin Jakara, wadda ke kwasar ruwan kwatocin birni ta kai madatsar Wasai, masu lambu na janta a hanya suna zuba wa latas da kabeji da za a ci ɗanye. Jakara rafi ce a dā, yau ba mai kiranta rafi. Abin da ya fi sauƙi a yi wa Isa da Sabon Birni tun suna da fili a bayan gari, zai yi tsada ninki goma in gidaje sun cinye filin.

In wani ya ce, ai kududdufi muna da shi da yawa, ga shi nan kore, me ya raba shi da tafkinka? Sai mu ce, abin da ya raba rijiya da rami. Kududdufi ramin ginar ƙasa ne da anka bari a tsakiyar gidaje, ba mashiga ba mafita, ana zuba masa shara da mushe, ciyawa ta rufe bakinsa sauro na ƙyanƙyasa, sabon ruwa na gauraya da tsoho, da damina ya cika ya malala cikin rijiyoyi. Tafkin tacewa kuwa an daɓe cikinsa da yumɓu domin kada shi tsiyaya, musamman a ƙasarmu mai yashi, an gyara gaɓarsa ba ciyawa, domin ciyawa ita ce maɓoyar sauro da katantanwa, an kewaye shi da shinge saboda yara da dabbobi, kuma ruwa ba ya zuwa na biyu sai ya gama kwanakinsa a na farko.

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Shina cin fili. Injiniyoyi kan ƙiyasta mita murabba'i 2 zuwa 5 ga kowane mutum, wato garin mutum 20,000 zai nemi hekta 4 zuwa 10, gona ce babba, kuma mai ita sai an biya shi diyya ta gaskiya. Tafkin farko shi kan yi wari wani lokaci, saboda haka a nisanta shi da gidaje kamar rabin kilomita, kuma a lura da iska, gama hunturu daga arewa maso gabas ya ke busowa, iskar damina daga kudu maso yamma, kada a sa shi a ɗaya daga waɗanga kusurwoyi biyu. Dole kuma a yashe dagwalon da ke ƙasansa bayan 'yan shekaru, in ba haka ba ya cika ya daina aiki. Mafi girman sharaɗi, kada a gina shi cikin fadama don an ga ta fi gangara. Wanda ya ga ambaliyar Satumba 2010, lokacin da Rima ta fi ƙarfin Goronyo ta cinye ƙauyuka da gonaki har ta yanke hanyar jami'a a Sakkwato, ya san tafkin da ke fadama ran da gulbi ya kawo zai juye abin da ya tara gaba ɗaya kan mutanen da anka gina shi dominsu. A tambayi tsofaffi inda ruwa ya taɓa kaiwa, a hau sama da nan.

Kuma akwai abin da rana da gansakuka ba su iya ci. Baƙin man inji da makanikai ke zubarwa, da ragowar maganin feshi da a ke wanke tulunsa a gulbi, da gishirin jima na zamani, da sharar asibiti, waɗanga sai a tsare su tun daga tushe. Mahauta ma, jini da kashin tumbi sun fi ƙazantar gidaje masu yawa ƙarfi, kuma asara ce a kora su kwata, gama in an tara su gefe taki ne mai kyau.

Sai dai kada mu yi tsalle mu wuce matakin farko. Tun da ba mu da bututu, mafi yawan ƙazantarmu a masai ta ke, kuma amsar tambayar dattijon can mai amalanke ba ta jiran tafkuna uku. Abin da ya ke nema fili ne ƙarami a kan tudu, da shinge, da 'yan kwamai masu bango gajere, an shimfiɗa tsakuwa a ƙasansu an rufe da yashi. A zuba abin da anka yaso a kai, kauri kamar taƙi ɗaya, ruwansa shi tsiyaye ta ƙasa zuwa ƙaramin tafki, rana ta busar da saura cikin mako biyu ko uku da rani. Sa'an nan a kwashe a tara shi watanni kafin a kai gona, domin ƙwan macijin ciki shina da taurin rai. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna sayen takin birni da jakuna, namu manoman gero da albasa ba za su ƙi shi ba, ga tsadar takin zamani. Wanga aiki bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba, bai kai kuɗin ginin shaguna goma a kasuwa ba a ganina. Bayansa sai a tare babbar kwatar gari kafin ta faɗa gulbi a karkatar da ita zuwa tafkuna, da rani aƙalla, lokacin da ruwanta zallar ƙazanta ne ba ruwan sama.

Shi masai kansa shina da ƙa'ida da mutane ke takewa. A nisanta shi da rijiya mita 30, wato kamar taki 40 na babban mutum, kuma ƙasan ramin shi tsaya aƙalla mita 1 da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. A unguwannin da ke kusa da fadama, inda a ke tarar da ruwa da ɗan tono kaɗan, zurfafa masai zuba ƙazanta ne cikin rijiyar maƙwabci ta ƙarƙashin ƙasa. Can sai a ɗaga shi sama, ko a yi rami biyu gajeru, in ɗaya ya cika a rufe shi shekara biyu ana amfani da ɗayan, ran da anka buɗe sai a tarar da ƙasa baƙa ba wari.

Na san za a ce mini, Malam, mutane ba su kwana da ido biyu rufe saboda 'yan bindiga, kai kana maganar masai. Ban raina wagga magana ba, ni ma a ƙasar na ke kwana. Amma taruwar da fitina ta tara mu ita ce ta sa abin ya zama na gaggawa, gama inda mutane sunka cunkushe a nan kwalara ke sauka, kuma ba ta bambanta ɗan gari da ɗan gudun hijira. A 2019 shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umurni cewa a daina bahaya a fili a Nijeriya kafin ƙarshen 2025, ba a kuwa cim ma wa'adin ba. Amma jihar Jigawa, Hausawa da Fulani manoma irinmu, an shaida mata a 2022 cewa ita ce jiha ta farko da ta kai. Abin da umurnin nan bai isa shi warware ba shi ne wanda na gani a bakin kwari, wato a ce kowa shi gina masai, sa'an nan in ya cika a kwashe a kai gulbi. An dai jinkirta zubawar ne, an kuma tara ta wuri ɗaya.

Yanzu sai abin da ya hau kanmu mu masu allo da littafi, kuma da kaina na fara. Makarantar da ke da almajiri hamsin ko ɗari ba masai, malaminta ya san inda yaran ke zuwa da asuba, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Kada mu hau mumbari mu zargi hukuma alhali bayan zaurenmu ya fi ko'ina. Wanda ya karɓi 'ya'yan mutane amana, ramin biyan bukatarsu na cikin amanar, kamar tabarmar kwanansu. In malam ba shi da hali, shi faɗa wa masu unguwa da attajiran da ke kawo sadaka ran Juma'a, cewa bana buhun siminti ya ke so. Masallatan Juma'a kuma a duba inda ruwan kewayensu ke zuwa. Sa'an nan masu yasar masai, mu daina ƙyamarsu muna kauce musu a hanya, gama suna ɗauke mana abin da ba mu iya ɗauka, kuma ba da su a shawara ba, ba abin da zai tabbata.

A zamanin En'e akwai duba-gari mai shiga gida gida shina leƙa randa da masai, tsofaffi na tuna tsoronsa. Ma'aikatan tsabtar muhalli suna nan har yau a ƙananan hukumomi, kuma jiha tana da hukumar ruwa da tsabta ta karkara, madatsar Goronyo kuwa tana hannun hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Waɗanga su ne ƙofofin da za a ƙwanƙwasa, tare da sarakunanmu da hakimai, domin fili a hannunsu ya ke. Amma wanda ya je ƙofar hukuma da kuka kawai, da haƙuri a kan sallame shi. A je da ƙidaya.

Saboda haka ga abin da na ke roƙon manyan almajirai na kowace makaranta da wagga takarda ta isa, kafin ruwan farko shi sauka. Ku fita ku biyu biyu da izinin malaminku, da rana, kada ku yi nisa da gari. Ku bi kowace kwata ta unguwarku daga inda ta faro har inda ta ƙare, ku rubuta ko gulbi ta faɗa ko kududdufi. Ku auna da taki tsakanin kowace rijiyar sha da masai mafi kusa da ita, ku sa alama ga wadda ba ta kai 40 ba. Ku tambayi masu yasa, da ladabi, duro nawa su ke kwashewa a mako da inda su ke zubawa, kada ku rubuta sunan kowa. Ku ƙirga yaran makarantarku masu fitsarin jini, adadi kawai. Abin da kunka samu ku ba wanda ya kawo muku wagga takarda, za mu tara na Isa daban na Sabon Birni daban, mu buga shi a fitowa ta gaba, sa'an nan mu ɗauke shi da hannunmu zuwa ga shugabannin ƙananan hukumomin biyu, mu nemi fili na farko a kan tudu.